Abin Da Aka Yar, Ina Ya Nufa?

Duk wanda yake so ya san yadda zaman mutanen gari ya sake, ba sai ya shiga gidajensu ba, ya isa ya tsaya a bakin jujinsu. A da, abin da ake tararwa a juji bai wuce toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da tsumman da ya mutu ba, sai sakaina da tsingaro nan da can. Duk waɗannan daga ƙasa suka fito, ƙasa kuwa ba ta ƙin nata. Shi ya sa juji ya zama dukiya. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna shigowa birni da rani, jakunansu ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da taki, su jibge a gona kafin ruwa ya sauka. Gonakin da ke kewaye da birnin ana nomansu shekara da shekaru ba hutu, ba su gaji ba, domin abin da birni ya ci daga gare su yana komo musu. Yau kuwa manomin da ya kwaso juji sai ya zauna ya tsince leda daga ciki tukuna, kuma komai tsintarsa, in ya sa garma baɗi sai ya tono wadda ya bari bara tana nan yadda take.

Ƙwarya ta isa misali a kan yadda mutanen da suke zama da kayansu. Ana shuka duma da damina, a bar shi ya ƙosa ya bushe, a fafe shi, a kankare, a wanke ɗacin. Ta fara aiki tana sabuwa, a dama fura a cikinta, ko a tatsi nono. In ta tsage ba a yar da ita, sai a jira gyartai ya zo wucewa ya ɗinke ta, ta koma ma'aunin hatsi ko mazubin dusa. In ta sake fashewa ta zama sakaina, a riƙa kwasar shara ko toka da ita. Sai ta gama wannan duka sa'an nan ta isa juji, can ma gara ta karɓe ta. Haka tukunya take: in ta fashe, babban ɓarin ya zama kasko, a zuba wa kaji ruwa ko a ɗebo wuta da shi daga maƙwabta. Faifai da kwando da tabarma na kaba ne, akushi da muciya na itace, alala a ganye ake naɗe ta, goro ma a ganye yake zuwa cikin huhu tun daga Gwanja.

Kada dai a ɗauka mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ko hangen nesa. Yawancin tattalin nan rashi ne ya koya musu shi. Abin da aka sha wuya kafin a samu, ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Amma ko mene ne dalili, an sami wata ɗabi'a guda: kowane abu a gida yana da mai shi. Ƙwarya tana da uwargijiya wadda ta san ta, in an ara ba a mayar ba ta aika a karɓo. Wannan shi ne bambanci babba tsakaninta da leda, wadda tun daga lokacin da aka juye abin da ke cikinta ba ta da sauran mai ita a duniya.

Leda baƙuwa ce, ba ta daɗe ba. A 1933 ne waɗansu masu binciken sinadarai a Ingila suka yi kiciɓis da irin robar da ake yin ta da ita, ba ma ita suke nema ba. Jakar leda irin ta kasuwa mai hannu biyu kuwa wani injiniya ne na ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfanin da yake wa aiki ya yi mata rajista a 1965. Daga man fetur da iskar gas ake samun kayan haɗinta. Tun kafin wannan, a 1955, mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani iyali suna watsa faranti da cokula da kofuna sama, tana yi wa matan gida albishir cewa kwanan wanke-wanke ya ƙare, a ci a yar kawai. A lokacin abin ya yi kama da 'yanci.

A 1950 robar da duniya duka ta ƙera cikin shekara ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2015 ta kai tan miliyan 380. Waɗansu masana uku na Amurka sun yi lissafi a 2017, suka ce daga farkon ƙera roba zuwa 2015 an yi tan miliyan 8,300, daga ciki tan miliyan 6,300 ya riga ya zama shara. Cikin wannan shara kashi 9 bisa 100 kaɗai aka narke aka sake wani abu da shi, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 yana nan jibge a juji, ko a daji, ko cikin ruwa. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da itace ba su iya cin roba. Rana takan gasa ta ta yi rauni, ta daddatse ƙanana ƙanana har ido ya daina ganinta, amma ba ta koma ƙasa ba, ta dai shiga cikinta ne.

To, adalci ne a faɗi alherin leda kafin a faɗi laifinta, gama ba wauta ce ta sa mutane suka karɓe ta hannu biyu ba. Ba ta da nauyi, ba ta yoyo, ba ta da tsada. Ita ta sa talaka yake iya sayen manja da sukari da garin sabulu ƙulli ƙulli, daidai ƙarfin aljihunsa na ranar. Lebura da ya fito aiki da asuba ba shi da inda zai rataya kwano, a leda ake zuba masa koko. Ruwan leda da ya bazu a garuruwan Nijeriya tun wajen shekarun 1990 ya sami kasuwa ne domin famfo ya ƙafe, rijiya kuma ba kowace ake amincewa da ita ba. Randar bakin hanya sadaka ce mai lada, amma moɗa ɗaya da mutum ɗari suka kafa wa baki, kowa ya tsoma hannu ya mayar, ita ma tana raba cuta a lokacin kwalara. A asibiti kuwa maganar ta fi ƙarfi. Allurar da ake yi wa mutum ɗaya a yar ta tsare rayuka masu yawa daga ciwon hanta da ƙanjamau, mai hankali ba zai ce a koma ana dafa allura ɗaya ana bin mutane da ita ba. Saboda haka akwai wuraren da yarwa ita ce daidai.

Tambayar da ta rage ita ce ta sauran wurare, watau cefanen yau da kullum, da abincin biki, da kayan goge-goge na gida. Mutum yakan ce, da kuɗina na saya, in na ga dama in ajiye, in na ga dama in yar, ina ruwan wani? Wannan magana tana da ƙarfi in abin da aka yar ɓacewa yake yi. Amma ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa. Ya bar hannun wanda ya ji daɗinsa, ya koma ƙofar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Iska takan kwashe ta ta zuba a lambatu. Can take haɗuwa da 'yan'uwanta da yashi, su toshe bakin kwalbati. Ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, zazzaɓi ya kama yaron gidan da ke gangare, wanda watakila ubansa bai ma san gidan da ledar ta fito ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan ya rasa hanya, sai ya shiga gidaje, katangar ƙasa ta jiƙa ta faɗi. A Bangaladash an ga haka a manyan ambaliyoyin 1988 da 1998, inda aka tarar leda ta cushe magudanan ruwa. A Ankara, babban birnin Gana, ranar 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika tituna, mutane suka fake a wani gidan mai, mai ya bi ruwa wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka hallaka, kuma toshewar magudanai da shara tana cikin dalilan da aka ambata na wannan ambaliya.

Dabba kuma ba ta san leda ba, ƙanshin gishiri da mai da ke jikinta take bi. Akuya ko saniya ta haɗiye, ledar ta zauna a tumbi ba ta narkewa ba ta fita, wata ta zo ta tarar da ita, su nannaɗe su zama dunƙule. Dabbar tana kiwo tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita ya yi ta sayen magani a banza. Mahauta sun san wannan sarai, domin su ke fasa tumbi su ciro abin da hannunsu. Sau da yawa akuyar nan ta wata tsohuwa ce, ita ce bankinta, ita take jira ta haihu ta sayar ta yi wa jika kayan ɗaki. Wanda ya yar da ledar bai saci akuya ba, ba kuwa alƙalin da zai kama shi. Amma akuya ta mutu.

Waɗansu sukan ce ai sai a ƙone. Ƙonawar ma aika ta ne wani wuri, wato cikin ƙirjin mutane. Hayaƙin roba mai guba ne, ya fi cutar da yara da tsofaffi da masu asma. Abin tausayi ne a ga mace ta tura leda a murhu don itace ya yi saurin kamawa, ta sunkuya tana hurawa, da goyo a bayanta.

A nan ne wuyar al'amarin take, domin laifin ya rarrabu har ya zama kamar ba na kowa ba. Leda ɗaya ba ta toshe kwalbati, kowa kuwa ɗaya yake yarwa a lokaci guda, saboda haka kowa yana ganin hannunsa tsarkakakke. Amma a yi lissafi irin na 'yan aji. Gidan da ake shigo da leda 10 kowace rana, ta kayan miya da ta burodi da ta ƙosai da ta ruwa, a shekara ya shigo da 3,650. Unguwa mai gida 500 irin wannan ta tara 1,825,000. Da guntu-guntu akan cika rumbu, da guntu-guntu kuma akan cika lambatu. In jama'a suka taru suka ture katangar wani, ba wanda zai kuɓuta da cewa shi yatsa ɗaya ya sa. Malamai sun karantar da cewa almubazzaranci abin ƙi ne ko da abu ya yi yawa ya yi araha, har ruwan alwala ba a so a wuce kima da shi, sun kuma karantar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne. Wanda ya yarda da wannan, da wuya ya ce zuba abin cutarwa a kan hanya ba komai ba ne don kawai ƙanƙane ne.

Hukumomi da yawa sun gwada doka. Bangaladash ce ta fara hana siririyar leda a 2002. Ruwanda ta bi a 2008, har a kan iyaka da filin jirgin sama akan karɓe ta daga hannun baƙi, kuma babban birninta Kigali ya yi suna wajen tsabta. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014. Kenya ta kafa mai tsanani a 2017, da tarar da ta kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin da ya kai shekara 4. Jihar Legas ta hana farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abincin sayarwa a 2024. Inda hukuma ta tsaya da gaske an ga canji, inda aka rubuta doka aka sa a aljihun tebur kuwa, leda tana nan a kasuwa kamar ba a yi ba. Ɗan doka dai ba zai shiga kowane madafi ba. Abin da ke shiga gida, mai gida da uwargida ne masu tsaron ƙofarsa.

Abin da za a maye gurbinta da shi ba sai an aiko daga Turai ba. Kwando ko jakar buhu don cefane, kwano mai murfi don sayen koko da wake da shinkafa, kwalba don manja da man gyaɗa, gora ko buta mai murfi don ruwan tafiya, tsumma mai tsabta maimakon takardar goge hannu, ƙunzugun yadi da ake wankewa a shanya a rana maimakon wanda ake saye a yar. Randa kuma tana sanyaya ruwa ba da lantarki ba, domin ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. An ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ashe maginan tukwane ba su gama aiki ba tukuna.

Amma fa akwai tarko a nan, wanda masu son abin yayi sukan faɗa. Abin da ake maimaitawa ba ya fin na yarwa sai in an maimaita shi ɗin da gaske. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta buga wani bincike a 2011, ta ce jakar auduga sai an yi cefane da ita sau 131 kafin ta biya abin da aka ɓata wajen yin ta, in an gwada da ledar da aka yi aiki da ita sau ɗaya, ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya. Noman auduga da kaɗi da saƙa duk suna cin ƙarfi. Saboda haka wanda ya tara jakunkuna goma na yadi a ƙusa, kowane taro aka raba ya karɓo, sa'an nan ya tafi kasuwa hannu sake ya dawo da leda, bai gyara komai ba, ya ƙara ɓarna ne. Haka wanda ya kwashe robobinsa masu lafiya ya zubar don ya sayi sababbin kwanoni a ce ya waye. Tsohuwar robar fenti da aka wanke ana ɗiban ruwa da ita shekara biyar ta fi su duka.

Akwai kuma maganar da maza ba su cika tunawa da ita ba, ita ce wa zai wanke. Kowane kwano da aka maimaita, hannu ne ya wanke shi, hannun nan kuwa galibi na mace ne ko na yarinya. Ƙunzugun yadi yana son ruwa da sabulu da rana da lokaci, a garin da ake sayen ruwa jarka jarka wurin 'yan garuwa. Mai gidan da ya tashi da safe ya kafa doka cewa daga yau ba leda a gidansa, bai ƙara kuɗin ruwa ba, bai ƙara na sabulu ba, bai ɗauki kwandon cefane da hannunsa ba, shi ma ya yi irin abin da ake kuka da shi ne: ya ji daɗin suna, ya tura wahalar ƙofar wani. Kwanon da ba a wanke da kyau ba kuwa, leda ta fi shi lafiya. Randa tana son murfi, da wanki a kai a kai, da moɗa mai dogon hannu wadda ake ɗiba da ita a zuba a kofi, ba a kafa mata baki ba.

Wurin biki ne aka fi ganin abin da aka yi asara. A da in za a yi suna ko aure, sai uwar biki ta aika gida gida a aro kwanoni da tukwane da faranti. Kowace mace ta san nata, domin ta ɗiga masa fenti a gindi ko ta ƙarce shi da alama. In an watse, 'yan mata su taru a bakin rijiya su wanke, a bi gidaje a mayar, sau da yawa da ɗan tuwon biki ko cincin a ciki, don ba a mayar da kwano haka nan. Aiki ne mai yawa, har akan yi rigima in murfi ya ɓace. Amma matar da ta ara maka kwano ashirin ta shiga bikinka ke nan, kai ma ka ɗauki bashin zuwa nata. Yanzu mota ɗaya takan kawo abinci cikin robobi ɗari biyar, a ci a watsar, da safe iska ta raba wa maƙwabta, har waɗanda ba a gayyata ba su sami rabonsu a ƙofar gida.

Kunya ma tana da hannu a ciki. Saurayi yana jin nauyin a gan shi da kwano a hanya, kada a ce almajiri ne, magidanci yana ganin kwando na mata ne. Mai shago kuwa yana tsoron in bai ƙulla ashana ɗaya a leda ba a ce ya yi rowa, a koma shagon gaba. Ga shi kuwa kuɗin ledar yana cikin kuɗin kaya, mai saye ne yake biya bai sani ba. Da masu saye za su riƙa miƙa jakarsu suna cewa a bar ledar, mai shago ne zai fara murna.

Wanda ya rasa ta inda zai fara, 'yan bola jari sun riga sun nuna masa. Su dai sukan bi juji da buhu, su tsince ƙarfe da gwangwani da dalma da gorar ruwa da fasasshen bokiti, domin duk waɗannan suna da nauyi a sikeli, akwai mai saye ya kai inda ake narkewa. Siririyar baƙar leda kuwa, da farar robar abinci mai kama da soso, sukan tsallake su, gama sai a cika buhu ba a sami abin da ya taka kara ya karya ba, ga datti da maiƙo. Abin da mai tsintar bola ya raina, ba sauran mai ɗaukarsa a bayansa sai iska da akuya. Waɗannan biyu su ne ya kamata su fara barin gida, kuma su ne suka fi sauƙin bari, don kwando ɗaya da kwano mai murfi biyu sun isa su tare musu ƙofa.